Ciwon mara da tsokokin ƙasan ƙugu: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

A ƙasan ƙugun kowane mutum, mace ko namiji, akwai tsokoki da suka shimfiɗu daga ƙashin da ke saman gaba zuwa ƙashin ƙarshen gadon baya. Su ke tallafe da mafitsara da ƙarshen hanji, a mace har da mahaifa. Su ke riƙe fitsari da bayan gida da iska, kuma sai sun saki kafin ɗayan waɗannan ya fita, ko a yi kwanciyar aure ba zafi. Aikinsu biyu ne, riƙewa da saki. Sau da yawa wahalar da ake sha kan ciwon mara daga manta na biyun take tasowa.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne ɓata mini rai, shi ne mace mai ciwo ta kama atisayen matsewa. Ta gani a TikTok ko an turo a guruf ɗin mata na WhatsApp cewa Kegel maganin komai ne, sai ta duƙufa, ɗari da safe ɗari da dare. Bayan wata guda zama ya gagara. Arnold Kegel, likitan mata a Amurka, ya fito da wannan atisaye a 1948 domin tsokar da ta yi rauni, musamman bayan haihuwa. Amma da yawa daga cikin masu daɗaɗɗen ciwon mara tsokarsu ba sakewa ta yi ba, ɗaurewa ta yi ta kasa saki. Ki dunƙule hannunki daga safe zuwa azahar ki ji yadda zai yi tsami. Wa zai ce maganinsa a ƙara dunƙulewa? Tsokar da ta daɗe a ɗaure jini ba ya ratsa ta sosai, tana yin kullutu masu zafi, tana takura jijiyoyin da ke kusa, ciwon ya riƙa harbawa zuwa cinya ko dubura ko gadon baya.

Alamomin sun bambanta. Mai ɗaurarriyar tsoka takan ji zafi ko raɗaɗi a bakin gaba lokacin saduwa, fitsari ba ya farawa sai ta jira, in ta gama ta ji da saura, bayan gida sai da yunƙuri, dogon zama kuma yana tayar da ciwon. Mai raunin tsoka kuwa fitsari ke ɗigo mata in ta yi tari ko atishawa ko ta ɗaga bokitin ruwa, ko ta ji nauyi kamar wani abu na saukowa, ya fi tsanani da yamma. Ana iya haɗa biyun, don tsokar da ta ɗaure ita ma ba ta da ƙarfi. Shi ya sa ba a yanke hukunci da baki. Ma'aikaciyar gashin ƙashi da ta ƙware a wannan fanni tana dubawa da yatsa ɗaya cikin safar hannu, da izininki, ta gano inda ke zafi, ta auna ƙarfin matsewa daga 0 zuwa 5, sannan ta ga ko tsokar na komawa ta saki. Haƙƙinki ne ki ce mace kike so ta duba ki, kuma ki ce a tsaya a duk lokacin da kika ga dama.

In ɗaurewa ce, a ajiye matsewa gaba ɗaya tukuna. Ni da numfashi nake sa a fara. Ki kwanta rigingine, matashi a ƙarƙashin gwiwoyi, hannu a kan ciki. Ki ja iska ta hanci na sakan 4, ciki da haƙarƙari su buɗe, ki bar ƙasanki ya sauka da kansa ba tare da kin tura ba. Ki fitar da ita a hankali na sakan 6, kada ki matse komai. Minti 5 zuwa 10, sau biyu a rana. Nakan ce a ɗaura shi da sallar Asuba da ta Isha'i, don abin da ba a ɗaura da lokaci ba mantawa ake yi. Bayan numfashi sai miƙa biyu: ki durƙusa ki zauna a kan dugaduganki, ki buɗe gwiwoyi, ki miƙa hannuwa gaba har goshi ya taɓa shimfiɗa, sannan ki kwanta ki jawo gwiwoyi zuwa gefen ƙirji a buɗe. Kowacce sakan 30 zuwa 60, kina numfashi. Tawul mai ɗumi a kan mara na minti 15 yana taimakawa. Ɗumi na ce, ba tafasasshen ruwa ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko cin kuɗi: komai a ce sanyi ne. Mara ta yi ciwo, sanyi. Fitsari ya yi zafi, sanyi. A tafi kemis a sayo kwalin maganin ƙwayoyin cuta, a sha, a huta sati biyu, a sake sayo wani, a haɗa da jarkar tsimi daga mai magani a mota. Mutum ya shekara biyu a haka ba a taɓa kai fitsarinsa ɗakin gwaji an shuka shi don a ga ko akwai ƙwayar cuta ba. Haba jama'a! In an yi gwajin fitsari da na ruwan gaba sau biyu ba a ga ƙwayar cuta ba, ciwon kuma yana nan, a daina ɗura magani a nemi wani dalilin. Maganin da ake sha ba bisa ƙa'ida ba yana kashe ƙwayoyin da ke kare gaban mace, ƙaiƙayi ya biyo baya, ta ce ga sanyin ya dawo, ta sake komawa kemis.

Maza ma na ciki tsundum. Direban Adaidaita Sahu, tela a kan keke, ɗan kasuwar da ke wuni a kan benci a Kantin Kwari, su ne za ka ji suna kukan nauyi tsakanin maraina da dubura, zafi bayan fitar maniyyi, fitsari kaɗan-kaɗan. Sai a ce basir ne ko ciwon furostet, wato ƙaramar gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu daɗaɗɗen ciwon da ake jingina wa furostet ba a samun ƙwayar cuta a jikinsu, kuma sau da yawa tsokokin nan suna da hannu a ciki. Malam, ka riƙa miƙewa duk bayan minti 30 zuwa 45, ka cire walat daga aljihun baya, ka yi numfashin nan da miƙar nan daidai yadda aka bayyana wa mata.

Sai batun amare, kuma a nan da iyaye nake. Yarinya ta ce saduwa ta gagara, jikinta na rufewa da kansa, sai gwaggo ta ce ki daure, haka kowa ta yi. Wata ma maganin matsi za a ƙara mata a cikin kayan gyaran jiki, wanda busar da wurin yake yi ya sa fata ta tsage. Tsokar da ta saba da zafi tana ɗaurewa tun kafin a taɓa ta, ba da son mai ita ba, kuma duk daren da aka tilasta, ƙara koya mata ɗaurewar aka yi. Ba rashin son miji ba ne, ba taurin kai ba ne. Ana warkewa. Akwai sandunan roba masu santsi da ake sayarwa jeri guda, daga mai kaurin yatsa zuwa sama. Ana farawa da ƙarami, da man shafawa na ruwa irin na asibiti, bayan minti 5 na numfashi, a bar shi minti 10 zuwa 15, sau 3 ko 4 a mako. Ba a hawa na gaba sai na hannu ya shiga ba zafi. In zafin ya wuce 3 cikin 10, an yi gaggawa, a koma baya. Ango kuma a zaunar da shi a yi masa bayani, ya ɗaga ƙafa na 'yan makonni, don ba a gyara da rana a ɓata da dare.

Waɗanda matsewar ta dace da su kuma, da yawa ba daidai suke yi ba. Suna matse ɗuwawu da cinyoyi, suna riƙe numfashi, wasu ma turawa ƙasa suke yi, abin da ke ƙara sauko da mahaifa. Ki ji kamar kina hana iska fita, sannan ki ɗaga wurin ciki da sama, kina numfashi. Ki riƙe gwargwadon iyawarki har ki kai sakan 10, ki saki sarai na tsawon haka, sau 8 zuwa 10, ki biyo da gajeru masu sauri guda 10. Sau uku a rana, a kwance da farko, sannan a zaune, sannan a tsaye. Ki kuma saba matsewa dab da tari ko ɗaukar yaro. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta sa aƙalla wata 3 ga mai ɗigar fitsari, mako 16 ga mai saukowar mahaifa, ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Wadda ta bari a sati na biyu ba ta gwada ba.

Ƙananan kurakuran kuwa ga su. Tsayar da fitsari ana tsaka da yi ba atisaye ba ne, rikita mafitsara yake yi. Rage shan ruwa don gudun ɗiga yana sa fitsari ya yi kauri ya ƙara tsikarar mafitsara, kuma a zafin Kano ganganci ne. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, a rarraba. Zuwa bandaki kowane rabin awa wai don kada a ɗiga, yana koya wa mafitsara rashin haƙuri, alhali sau 6 zuwa 8 a kwana ɗaya shi ne daidai. Goro da shayi mai kauri da lemon kwalba suna ƙara matsuwa. Yunƙuri a bandaki yana rusa aikin da aka yi: a ci zogale, alayyahu, wake, gwanda, mai masan zama ya sa ɗan kujera a ƙarƙashin ƙafa gwiwa ta fi ƙugu tsawo. Mai jego kada ta koma ɗaukar jarka da surfe kafin arba'in, in kuma ɗinkin ƙari yana zafi bayan wata uku a je a duba tabon.

Akwai inda atisaye ba shi da hurumi. Matar da fitsari ke zubo mata dare da rana ba ƙaƙƙautawa bayan doguwar naƙuda ko yankan gishiri, yoyon fitsari ne, huda ce tsakanin mafitsara da gaba, kuma cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala don wannan aikin take. Jini a fitsari, zazzaɓi tare da ciwon mara, jini bayan ɗaukewar al'ada, rama ba dalili, duk na likita ne tun farko. Ciwon baya da ya zo da mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi ko kasa fitsari, wannan na gaggawa ne, a ranar ake zuwa. Ciwon al'adar da ke kwantar da mace duk wata shi ma likitan mata zai fara gani.

Akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, a tambayi wadda ke kula da lafiyar mata. Kafin a je, a ɗauki kwana uku ana rubuta lokacin kowane fitsari da yawansa, abin da aka sha, lokacin da aka ɗiga da abin da ake yi a lokacin, da ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10. A tafi da takardar, da sakamakon gwaje-gwajen baya, da kwalayen duk magungunan da aka sha, har na gargajiya.