Yadda za ka ceto bayanai daga tsohon faifan floppy

Da farko ja murfin ƙarfen gefe, ka leƙa ciki. In ka ga fumfuna, kada ka saka faifan a na'urar karanta floppy, zai ɓata kan da ke karantawa.

Sai ka tura ɗan makullin da ke kusurwa har ramin ya buɗe. Hakan yana hana kwamfuta rubuta komai a kai.

Na'urar floppy mai USB tana karanta faifan 1.44MB, amma faifan tsohuwar kwamfutar Amiga da na tsohon Mac mai 800KB sun fi ƙarfinta. Su sai da Greaseweazle ko KryoFlux, wato ƙananan na'urori na musamman da ake haɗawa tsakanin kwamfuta da na'urar floppy marar USB don karanta irin waɗannan fayafayen.

Kwafi faifan ɗungurungum, kada ka tsinci fayil ɗaya-ɗaya, don tsohon faifai ba ya jure yawan juyi.

Ajiye kwafin wuri biyu. Faifan kuwa, nesa da maganaɗisu da danshi.