Yadda ake gano matsalar hitar banɗaki da gyara ta

Yawancin hitocin da ake cewa sun mutu da shigowar hunturu, elimen ɗinsu ne kawai ya ƙone, kuma sau da yawa mutanen gida ne suka ƙona shi. Elimen shi ne lanƙwasasshen ƙarfen da ke dafa ruwa a cikin hita, kuma dole ya kasance nutse cikin ruwa. Idan tankin sama ya ƙafe, bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya kuma ya lalace ko ba a sa shi ba tun farko, ruwan hita sai ya tsiyaye ta bututun ruwan sanyi ba wanda ya sani. Ana kunnawa a haka, shi ke nan. Saboda haka kafin ka taɓa makunni, buɗe famfon ruwan zafi. In yana tofar da iska, bar shi har ruwa ya riƙa zuba ba yankewa, sannan ka kunna.

Idan ruwa bai yi zafi ba sam, kashe wuta daga bureka, kada ka tsaya a makunnin bango kawai, ka tabbatar da tesita. Cire murfin ƙasan hitar. A jikin na'urar daidaita zafi akwai ɗan maɓallin kariya da ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima. Danna shi da siririn abu. In ya sake yankewa, to na'urar ce ta lalace ko ɓawon da ruwa ke tarawa ya rufe elimen, kada ka yi ta dannawa.

Daga nan sai awo. Zare wayoyin elimen, ka saita malitimita, wato mitar awon lantarki, a kan awon om, ka ɗora ta a kan kawunansa biyu. Mai wat 1500 zai nuna kusan om 35, mai wat 2000 kusan 26. In mita ba ta motsa ba, ya tsinke a ciki. Awon da 'yan koyo ke tsallakewa shi ne na biyu: kai ɗaya na mita a kan elimen, ɗayan a jikin ƙarfen tanki. Nan bai kamata a ga komai ba. In an gani, wuta na zurarewa cikin ruwa, kuma ita ce ke fizgar mutum idan ya taɓa famfo. Irin wannan hitar ba a sake kunna ta sai an canza elimen, an kuma duba wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. Hitar da ba ta da wayar ƙasa da bureka mai yankewa idan wutar da ke zurarewa ta kai miliyam 30, ni ban yarda a yi wanka da ita ba.

Wani lokaci hitar lafiyarta ƙalau, wutar ce ba ƙarfi. Mai lita 30 da wat 1500 tana buƙatar kusan minti 50 ta kai ruwa daga digiri 25 zuwa 60, ta cinye yunit ɗaya da 'yan kai. Idan wuta ta sauko daga bolt 230 zuwa 180, kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa kawai elimen ke bayarwa. Auna wutar kafin ka kashe kuɗi.

Ƙara kamar tafasar tukunya alamar ɓawo ce, wanda ruwan burtsatse mai zartsi ke tarawa. Ɗigar ruwa kaɗan daga bawul ɗin kariya, wanda ke sakin ruwa idan matsi ya yi yawa a tanki, yayin da hita ke aiki kuwa ba matsala ba ce, ruwa ne ya kumbura da zafi. Kada ka toshe bakinsa ko da wasa, ja masa tiyo zuwa magudana. In yana zuba dare da rana, canza shi, ba shi da tsada.

Canza elimen: rufe ruwan shiga, buɗe famfon zafi, tsiyaye tankin, kwance notocin, zaro shi. Kwashe ɓawon da hannu. Duba sandar maganiziyam da ke kare tanki daga tsatsa, in ta cinye sa sabuwa. Sayi elimen mai wat daidai da tsohon, da sabuwar robar da ke toshe bakin elimen, domin tsohuwar za ta yi yoyo. Ɗaure notocin a gicciye, kaɗan-kaɗan. Cika tanki har iska ta gama fita, sannan wuta.

In kuwa jikin tankin ne ya huje, walda asarar kuɗi ce, sai dai sabuwar hita.