Kurakuran da ke lalata tonon kayan tarihi a filin gwamnati

Babban kuskure shi ne a ɗauka filin gwamnati ba shi da mai shi. A Najeriya dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana kowa haƙa don neman kayan tarihi sai da takardar izininta, ko da malamin jami'a ne. Wanda ya ci karo da su yana noma ko aikin hanya, ya dakata, ya sanar da hukumar da ƙaramar hukumarsa.

Wanda ya fi ci mini rai kuwa shi ne gaggawar ciro abu daga ƙasa. Mutum-mutumin yumɓu na farko da aka sani na Nok, wata tsohuwar al'umma ta tsakiyar Najeriya, masu haƙar kuza ne suka ci karo da shi a 1928, kuma irinsa da dama a cikin yashin da ruwa ya kwaso aka tsince su, don haka sanin shekarunsu ya yi wuya. Sai da masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi tono a tsanake a Taruga, wani tsohon mazaunin mutanen Nok, ya samu murahun narkar da tama da gawayinsu a inda masu su suka bar su, sannan lissafin shekarun ya fara zama, domin da gawayi ake auna su. Kafin ka taɓa komai, auna zurfinsa, ɗauki hoto da ma'auni a gefensa, zana wurin, rubuta launin ƙasar. A bi ƙasa hawa-hawa, a tankaɗe ta da rariya. Ramin da aka tone ba ya tonuwa sau biyu.

Sai wanke tsingaro. Mutane na ganin tsafta ce, alhali a jikin tsingaron tukwanen Nok masana suka gano ragowar kakin zuma mai shekara kusan 3,500, binciken da aka fitar a 2021. A ware wasu ba tare da an wanke ba. Gawayi kuma a ɗauke shi da cokalin magini, a naɗe a takardar alminiyam, kada tokar sigari ta kusance shi.

Wasu da zarar sun rufe rami sai su ce aiki ya ƙare. Kowace jakar da aka zuba kayan da aka tono tana buƙatar lambar rami da zurfi da kwanan wata, a ciki da waje. A miƙa kayan da littafin aiki ga gidan tarihi, a rubuta rahoto, a kuma koma wurin dagaci da mutanen gari a gaya musu abin da aka samu a ƙasarsu.