Yadda za ku ɗauki bidiyon taron manhajoji masu 'yanci ku watsa shi kai tsaye

A taruka irin su FOSDEM da ake yi duk shekara a birnin Brussels na Beljiyam, da DebConf na masu haɓaka Debian, wani nau'in tsarin Linux, 'yan sa-kai ne ke riƙe da aikin bidiyo. Kayan da kowane ɗaki ke buƙata ba su da yawa: kyamara ɗaya a kan sanda mai ƙafa uku, na'urar kama hoton allon kwamfutar mai jawabi, makirufo biyu, ƙaramar na'urar haɗa sauti, da kwamfutar da za ta haɗa komai. Mutum uku sun wadatar, wato mai kyamara, mai kula da sauti da sauya hoto, da mai kai wa masu tambaya makirufo.

Ku fara da sauti, domin nan aikin ya fi lalacewa. Mai kallo zai jure hoto mai dishi-dishi, amma ba zai yi minti biyu yana sauraron murya mai tsatsa ba. A ba mai jawabi makirufon da ake maƙalawa a kai, ya fi na wuyan riga, saboda duk sanda ya juya ya kalli allo muryarsa ba ta ɓacewa. A sa sabon batir kafin kowane zama. A daidaita ƙarfin muryar yadda ƙololuwarta za ta tsaya wajen -12 dB a ma'aunin ƙarfin sauti, don idan ta kai sifili sautin ya fashe ke nan, kuma da wuya a gyara shi sosai daga baya. Mai kula da sauti ya sa abin sauraro a kunne tun daga farko har ƙarshe. Abin da lasifikar ɗaki ke fitarwa daban yake da abin da ke shiga bidiyon. In kun ji wani gurnani mara yankewa a ƙarƙashin muryar, yawanci na'urorin ne aka jona a soket daban-daban. Ku mayar da su layin wuta guda, ko ku sa akwatin DI, wanda ke yanke irin wannan gurnani, a tsakani, ku kuma yi amfani da wayar XLR, wato wayar makirufo mai fil uku. Duk na'urori su kasance a kan saitin ɗaukar sauti na 48 kHz.

Sai hoton allo. Wayar HDMI ta fara wasa da hankali idan ta wuce mita 10 zuwa 15, don haka in da nisa a mayar da hoton zuwa SDI, wata wayar bidiyo wadda ke kaiwa kusan mita 100. Wasu kwamfutocin kan kunna HDCP, kariyar da ke hana kwafar hoto, sai majigi ya nuna hoto lafiya lau amma na'urar kamawa ta ga baƙi wuluk. Maganin shi ne a gwada kwamfutar kowane mai jawabi a lokacin hutu, a kuma tanadi mahaɗan USB-C da DisplayPort, tunda da wuya mai jawabi ya zo da nasa. Idan hoton kyamara na ƙyafƙyafta saboda fitilu, a sa saurin rufewarta (shutter) a 1/50 na daƙiƙa inda wutar ƙasar take 50 Hz, ko 1/60 inda take 60.

Wajen haɗawa, ƙaramin taro OBS Studio, manhajar haɗa hoto da sauti da watsa su, ya ishe shi. Masu DebConf suna amfani da Voctomix, wanda ƙungiyar bidiyo ta Chaos Computer Club a Jamus ta ƙirƙira. Ko wanne kuka ɗauka, ku bar allon ya fi girma idan ana nuna rubutun manhaja, mai jawabi a ƙaramin gefe. Hoto yakan makara a bayan sauti, saboda haka wani ya tsaya gaban kyamara ya tafa hannu sau ɗaya, ku duba tazarar ku jinkirta sautin daidai da ita.

Ga abin da sababbi ke yawan yin sakaci da shi: ajiyar da ke cikin kwamfutar ɗakin ta fi watsawar kai tsaye muhimmanci. Intanet na iya yankewa, masu kallo su yi gunaguni su wuce, amma jawabin da ba a ajiye ba ya tafi. Kada ku ajiye a MP4 na yau da kullum, domin sai a ƙarshe yake rubuta bayanan da ake buɗe fayil ɗin da su, kuma wuta na ɗaukewa a tsakiya fayil ɗin ba zai buɗu ba. Ku zaɓi nau'in fayil na MKV ko MPEG-TS, daga baya manhajar ffmpeg ta juya shi zuwa MP4. Watsa hoto mai girman 720p na cin kimanin megabit 3 a daƙiƙa, kusan gigabait 1.35 ke nan a awa. Ajiya mai inganci ta ninka haka sau da yawa, sai ku lissafa wurin tun kafin ranar. Kwamfutar ta hau intanet ta waya, kada ta dogara da Wi-Fi ɗin da ɗaruruwan mahalarta ke rububinsa.

Kafin a kunna kyamara a nemi izinin mai jawabi a rubuce, tare da lasisin da za a saki bidiyon a kai, galibi na Creative Commons, wanda ke ba kowa damar yaɗa shi. A ware kujerun da kyamara ba ta kaiwa don waɗanda ba sa son a ɗauke su. A daidaita agogon duk kwamfutoci da NTP, tsarin saita lokaci ta intanet, a rubuta lokacin da kowane jawabi ya fara da lokacin da ya ƙare. Da wannan ne SReview, manhajar da FOSDEM da DebConf ke aiki da ita, ke yanka bidiyon, sannan a duba farkonsa da ƙarshensa da sautinsa kafin a sake shi.