Masu rauta da MiFi ku duba wannan saitin

Salam 'yan uwa, musamman ku da ke gidajen haya a Samaru da Kongo inda ɗaki ke manne da ɗaki, in data na ƙarewa ba gaira ba dalili to a leƙa rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, wataƙila maƙwabta ne ke hawa.

Ka buɗe burauza ka rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, lambar na jikin sitika a ƙasan na'urar. Fara canza fasuwod ɗin shiga saitin, don yawanci "admin" ne kowa ya sani. A wajen tsaro, inda ake zaɓar nau'in makullin Wi-Fi, in akwai WPA3 zaɓe shi, in tsohuwar wayarka ta ƙi kamawa sai ka koma WPA2 mai AES. WEP kam kar ma ka kalle shi, cikin 'yan mintuna ake fasa shi. WPS ma, wato hanyar haɗa waya ba tare da rubuta fasuwod ba, kashe shi, lambobi 8 ne kacal ana iya cankarsu.

Fasuwod ɗin Wi-Fi ya kai haruffa 12 gauraye da lambobi, ban da lambar wayarka don Allah, ita yaran unguwa ke fara gwadawa. Kuma wanda ka ba yana iya raba wa abokansa ta QR, in ka ga baƙuwar waya a jerin waɗanda suka hau, canza fasuwod ɗin kawai.