Kurakuran da Muke Yi Wajen Koyar da Addini a Firamare

Na daɗe ina koyar da darasin addinin Musulunci a wata firamare ta gwamnati a cikin garin Jos. Kurakuran da zan lissafa nan na yi wasu da kaina, wasu kuma na gani a ajin abokan aiki.

Babba a cikinsu shi ne hadda ba fahimta. Yaron aji uku zai zubo maka Suratul Ma'un, ayoyinta bakwai cif, ba gargada. Da an fita tara kuma sai ka same shi yana tsokanar marayan ajinsu, alhali aya ta biyu a kan mai ture maraya take magana. Laifin namu ne, domin ba mu taɓa gaya masa abin da bakinsa ke faɗa ba. Hadda tana da matsayinta, kada a bar ta. Amma duk surar da aka biya, a ware minti biyar a faɗi ma'anarta da Hausar gida, sannan a tambayi yara: "Wa ya san maraya a unguwarsu? Me za ka yi masa?" Amsoshinsu za su nuna maka ko darasin ya shiga.

Sai koyar da alwala a kan allo. Malam ya rubuta farillai bakwai, yara su kwafa, a zo jarrabawa su ci goma bisa goma. Ka ba ɗayansu buta ka gani: gwiwar hannu a bushe, diddige ko ɗigon ruwa bai taɓa ba. Abin da ake yi da gaɓoɓi, da gaɓoɓi ake koyar da shi. A fita fili da butoci biyu ko uku, malam ya yi suna kallo, su yi yana gyarawa. In lokacin hunturu ne, kowa ya san sanyin Jos da safe, sai a bari rana ta ɗaga ko a zo da ruwan ɗumi a fulas. Taimama ma haka, ga ƙasa nan a gabanmu.

Na uku ya fi damuna: bulala da yawan tsoratarwa da wuta. Yarinya 'yar shekara shida ta kasa fitar da harafi daga makogwaro, sai dorina. Gobe in ta ga malamin addini ya doso, gabanta ne zai faɗi, kuma a ranta za ta haɗa wannan faɗuwar gaban da Alƙur'ani. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Wanda muke koyar da sunnarsa ke nan. Yaron da ya kasa, a maimaita masa, a haɗa shi da wanda ya iya, a yaba masa ranar da ya gyara. Labarin rahama da aljanna ya riga na azaba shiga kunnen ƙaramin yaro.

Akwai kuma shigo da saɓanin manya cikin aji. A Jos aka kafa Izala a 1978, ga 'yan Tijjaniyya, ga 'yan Ƙadiriyya, duk 'ya'yansu suna benci ɗaya. Wani mahaifinsa ƙabalu yake yi, wani sadalu. In malam ya ce ɗaya ɓata ne, ya aika yaro gida da raina ubansa. Ka tsaya a kan manhajar da NERDC, hukumar tarayya mai kula da manhajar makarantu, ta tsara. In yaro ya tambaya, ka ce masa dukkansu malamai sun faɗa, ya bi abin da ake yi a gidansu.

Haka batun 'yan ajin da ba Musulmi ba. Garin da ya ga rikice-rikicen da ya gani a 2001 da 2008 da 2010 bai kamata a ji malami a cikinsa yana jifan ɗalibi da kalmar "arne" ba, ko da wasa. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba. Sai dai hakan ba ya nufin a kora yaran Kirista waje su yi ta yawo a rana. Ka zauna da hedimasta da malamar da ke koyar da su, a daidaita jadawali yadda darussan biyu za su zo lokaci guda, kowa da ajinsa. Yara kuma su riƙa ganin kuna gaisawa da ita cikin mutunci a bakin ƙofa.

Jarrabawa ma a sake duba ta. Rabin maki ya zama na aiki: ya yi alwala a gabanka, ya yi raka'a biyu, ya faɗi ma'anar sura ɗaya da bakinsa. A ajin da ke da yara sittin wannan zai ci maka mako guda, don haka ka fara kiransu goma-goma tun saura sati biyu a rufe zango.