Yadda ake zama da kyarkeci ba tare da ya kashe maka kare ko tumaki ba

Abu na farko da mai kare ya kamata ya gane shi ne, ba yunwa kaɗai ke sa kyarkeci, wato karen dajin nan da ake kira wolf da Turanci, ya kashe kare ba. Kallon ɗan uwa yake masa, wanda ya shigo masa yanki ba sallama, shi ya sa karnukan farauta da ake saki su nutsa cikin daji suna haushi su ne suka fi mutuwa, a Suwidin da Finlan da jihar Wisconsin ta Amurka duk labarin ɗaya ne. Toh in kana zaune inda akwai su, ka riƙe karenka da igiya in za ku shiga daji, yana kusa da kai ba kasafai kyarkeci zai matso ba saboda yana shakkar mutum. Da dare kuma a shigar da kare da kyanwa cikin gida, kwanon abincinsu ma kar ya kwana a waje. Watan Afrilu da Mayu ne suke haihuwa, daga nan har wasu watanni kar ka kusanci inda raminsu yake, a lokacin ba su da haƙuri ko kaɗan.

In kun yi kiciɓis da shi kar ka gudu, gudun ne ke sa ya bi ka. Ka tsaya ka ɗaga hannuwa ka daka masa tsawa, in karen ƙarami ne ka ɗauke shi, sai ka ja baya a hankali fuskarka na kallonsa.

Masu tumaki kuwa aikinsu ya fi yawa. Mushe dai shi ne babbar matsala, dabba ta mutu an jefar da ita bayan garke, warin ya kira su, yau sun ci mushe gobe sun gane akwai masu rai a wurin. A binne shi da zurfi ko a kwashe. Sai shingen waya mai lantarki, a Jamus shawarar da ake bayarwa ita ce tsayinsa ya kai santimita 120, amma wayar da ta fi kusa da ƙasa ce abin lura don kyarkeci ya fi son ya tona ya bi ta ƙasa a kan ya yi tsalle, kuma in ciyawa ta taɓa wayar sai wutar ta yi rauni, kai kana ganin kana da shinge ashe ado ne kawai. Akwai kuma tsohuwar dabara ta igiya da aka rataya wa jajayen ƙyallaye suna kaɗawa a iska, tana aiki fa, sai dai bayan kamar wata biyu sun saba sun daina tsoro, don haka a ajiye ta sai lokacin haihuwar tumaki. Karnukan gadi irin Kangal na Turkiyya ko Maremma na Italiya ana tashinsu ne tun suna ƙanana a cikin tumakin har su ɗauka danginsu ne, a sa musu abin wuya mai ƙusoshi don wuya kyarkeci ke kamawa. Kare ɗaya dai ba zai iya da garken kyarketai ba, a samu biyu ko uku.

Maganar namun daji kuma, a 1995 da 1996 an kawo kyarketai 31 daga Kanada aka sake su a gandun dajin Yellowstone na Amurka, manyan barewar nan da ake kira elk suka ragu sosai, itatuwan bakin rafi da barewar ke ci suka farfaɗo a wasu wurare, duk da har yau masana na ja-in-ja kan ko kyarkecin ne kaɗai ya yi wannan aikin tunda beyar, wata babbar dabbar daji da ita ma ke cin barewar, da mafarauta da fari ma sun taka rawa. Shi ya sa kafin hukuma ta ce za ta rage kyarketai sai ta ƙirga su tukuna, da abin wuya mai GPS da bin sawu a dusar ƙanƙara da gwajin kashinsu.

Harbi kam ni a ganina shi ne na ƙarshe, kuma wanda aka tabbatar ya saba da kashe dabbobi shi za a nema. In aka harbe uwa ko uban garken kyarketai, garken na iya watsewa ya bar matasa da ba su ƙware a farautar barewa ba, sai su juya kan dabbobin gida. A Fabrairun 2021 Wisconsin ta ba mafarautanta izinin kashe kyarketai 119, kafin kwana uku su cika an kashe 218, dole aka rufe farautar da wuri. A Turai, inda suka haura 20,000, an sassauta kariyarsu a Disambar 2024 ƙarƙashin yarjejeniyar Bern ta kare namun daji, amma ba wai kowa ya ɗauki bindiga ba ne, sai da izini. In an kashe maka dabba ka ɗauki hoto, ka rufe gawar da tamfol kar karnuka su taɓa ta, ka kira jami'an daji a ranar, don da alamar cizon da yawun da ke jikin raunin ake tabbatar da kyarkeci ne kafin a biya diyya.